Kyautar jemage da kyautar funfuna: wa ake ba wa, kuma nawa?

Gab da asuba, a kogon wata bishiya a arewa maso yammacin ƙasar Kosta Rika, jemagu suna dawowa daga kiwo ɗaya bayan ɗaya. Yawancinsu ciki ya yi tim da jinin shanu da na dawaki. Wata mace a cikinsu ta dawo haka nan, ba ta samu ko ɗigo ba. Sai ta matsa jikin wata da ta ƙoshi, ta shiga lasar ta a ƙarƙashin fiffike, daga nan ta kai bakinta ga bakin 'yar uwar. Mai ƙoshin ta rufe ta da fiffike, ta amayo jini kaɗan, mai yunwa ta lashe. Cikin 'yan mintuna an gama, kowa ta koma ta rataye kai ƙasa.

A wani wurin kuma, ƙarƙashin ruɓaɓɓen ganye a dajin Karolina ta Arewa a Amurka, wasu 'yan mitsi-mitsin halittu da ido ba ya gani sun cinye abincin da ke kewaye da su tas. Su ma yunwa ce ta kama su. Sai suka taru, dubbai a kan dubbai, suka zama jiki guda. Kafin kwana ɗaya ya zagayo, kashi ɗaya cikin biyar ɗinsu sun mutu, sun sandare sun zama kara, sauran suka hau kan gawarwakinsu suka tsira.

Masu ilmin halittu suna son kawo labaran nan biyu a wuri ɗaya idan ana maganar taimakon juna, kuma sau da yawa akan lulluɓe su da kalma guda, wato sadaukarwa. Ni a ganina kalmar ta yi wa ɗaya daidai, ta yi wa ɗaya yawa. Yunwa ce ta haɗa su, wannan gaskiya ne. Amma abin da kowannensu ke bayarwa, da wanda yake yarda ya ba, sun sha bamban ƙwarai, kuma a wannan bambancin ne abin sha'awar yake.

Jemagen da ake magana sunansa a wurin masana Desmodus rotundus. Daga Meziko zuwa Ajantina ake samunsa. Jemagu iri uku ne kacal a duniya ke rayuwa a kan jini, dukkansu kuwa a nahiyar Amurka suke. Namu na gida da ke fitowa da magariba daga bishiyar mangwaro ko daga rufin tsohon gini 'ya'yan itace da ƙwari suke ci, ba ruwansu da jinin kowa. Shi wancan ɗan ƙarami ne, nauyinsa tsakanin giram 30 da 40. A ƙasa yake sauka kusa da dabba mai barci, ya tako a hankali, domin ya iya tafiya har da gudu a ƙasa, abin da yawancin jemagu ba sa iyawa. A hancinsa akwai wuraren da ke jin ɗumi, da su yake gano inda jini ya fi kusa da fata. Ya yanka ɗan ƙaramin rauni da haƙora masu kaifin aska, yawunsa ya hana jinin daskarewa, ya yi ta lasa.

Matsalar ita ce jini mugun abinci ne. Ruwa ne da sinadarin gina jiki, kitse da sukari ba su taka kara sun karya ba a cikinsa. Jemagen bai daɗe da fara sha ba zai fara fitsari don ya rage ruwan ya iya tashi, kuma kusan ba abin da yake iya ajiyewa a jiki don gobe. Idan ya yi kamar awa 60 bai sha ba, wato kwana biyu da rabi, ya mutu. Gerald Wilkinson, wanda ya shafe shekaru yana kwanciya a gindin kogunan bishiyoyin Kosta Rika yana kallon sama tun daga ƙarshen shekarun 1970, ya ƙididdige cewa a kowane dare kamar kashi 7 cikin 100 na manya suna dawowa ba su sha ba, a cikin ƙanana 'yan ƙasa da shekara biyu kuwa kusan kashi ɗaya cikin uku. Bisa lissafinsa, da ba a raba abinci, da sama da kashi 80 cikin 100 na manya sun mutu a shekara. Abin da ya gani a zahiri bai kai kashi 25 ba.

Akwai wani ɗan lissafi a aikin Wilkinson da duk lokacin da na tuna shi sai ya burge ni. Jemagen da ya ƙoshi yana rage nauyi da sauri, wanda ya galabaita kuwa a hankali yake ragewa, don jikin ya riga ya shiga tsimi. Saboda haka jini iri ɗaya ba daraja ɗaya yake da ita a wurin su biyun ba. Abin da mai bayarwa ta rasa ya kai kamar awa 6 na rayuwarta, amma a jikin mai karɓa ya zama kamar awa 18, wato damar sake fita wani daren. Mudun hatsi a gidan da rumbu ke cike da mudun hatsi a gidan da aka kwana ba a ɗora tukunya ba, awo ɗaya ne, nauyinsu a rayuwa ba ɗaya ba. Wannan giɓi shi ne ya sa rabon ya zama riba ga kowa, muddin yau ni gobe ke.

A 1984 Wilkinson ya wallafa sakamakonsa a mujallar Nature. Cikin sau 110 da ya ga an amayo jini, 77 uwa ce ke ba ɗanta, wanda ba abin mamaki ba ne. Sauran ne suka tayar da muhawara, domin a ciki akwai waɗanda ba dangin juna ba, sai dai sun daɗe suna kwana a kogo ɗaya. Wasu masana suka ce ai kuskure ne, jemagen ya ɗauka ɗan uwansa ne. Wasu suka ce naci ne, mai yunwa ta dame ta da roƙo har ta gaji ta ba ta. Gerald Carter, ɗalibin Wilkinson, shi ya bi waɗannan zarge-zarge ɗaya bayan ɗaya. Ya riƙa ware jemage guda ya hana shi abinci na kwana ɗaya, sannan ya mayar da shi cikin 'yan uwa ya ga wa zai taimaka. A rahotonsu na 2013, kan jemagu 20, an ga cewa galibi mai ƙoshin ce ke zuwa wurin mai yunwa tun ba a roƙe ta ba, kenan maganar naci ta faɗi. Kusan kashi biyu cikin uku na masu ba juna abinci ba su da dangantakar jini. Abin da ya fi nuna wa za ta ba ka shi ne ko kai ka taɓa ba ta, kuma wannan ya fi dangantaka ƙarfi fiye da sau takwas.

To, yaya baƙi biyu suke fara amincewa da juna? Carter da abokan aikinsa sun kamo mata daga wurare biyu masu nisa a Panama, suka haɗa su wata 15 suna kallo. Ba wadda ta fara da kyautar jini. Da lasar jiki ake farawa, abin da ba ya cin komai sai ɗan lokaci. Idan wadda aka lasa ta rama, sai a ƙara. A hankali lasar ke yawaita, kuma a tsakanin waɗanda ta yawaita ne wata rana ake ganin an amayo jini. Cuɗe ni in cuɗe ka, da ainihin ma'anar kalmomin. Duk wanda ya ga yadda mata ke riƙe gudummawar biki ya san tsarin: ba a fara kai wa baƙuwa turmin atamfa, ana farawa da sannu da zuwa da ɗan kwanon abinci, a ga yadda kwanon zai dawo.

Kuma kamar a biki, ba ciniki ba ne na ba ni gishiri in ba ka manda a take. Jemage ba ya riƙe alƙalami yana cewa na ba ki jiya, ki ba ni yau. Dangantaka ce mai tsawo, ana iya bin juna bashi na makonni. An saki wasu mata da suka zauna tare wata 22 a tsare, aka mayar da su kogon bishiyarsu na asali a Panama da 'yan na'urori a bayansu masu nuna wa ke kusa da wa, sai ga shi da yawansu sun ci gaba da neman tsofaffin ƙawayensu a cikin taron. A wani garken da ake nazari a Panamar, wata uwa da masu binciken suka sa wa suna Lilith ta mutu kwana 19 bayan haihuwa. Ƙawarta BD, wadda ba danginta ba ce kuma ita ta fi kowa lasar ta da ba ta abinci, ta ɗauki jaririyar ta shayar da ita. Sannan wani gwaji na 2017 ya nuna amfanin yawan ƙawaye: da aka ɗauke wa kowace jemage babbar mai ba ta abinci, galibi uwarta ko 'yarta, waɗanda suka saba ciyar da bare sun fi samun mai rufa musu asiri.

Mu koma ga ɗaya halittar. Turawa suna kiran dangin nan da sunan da ke nufin funfuna mai yauƙi, amma ba funfuna ba ce irin ta tsohon burodi, ba tsiro ba ce, ba dabba ba ce. Amiba ce, wato 'yar halitta mai ƙwaya ɗaya tal. Wata 'yar uwarta ta nesa, Physarum, ruwan ɗorawa mai shimfiɗuwa a kan ruɓaɓɓen itace, ita ta fi suna tun da masu bincike a Japan suka nuna a 2000 tana gano gajeriyar hanya a cikin ruɗaɗɗen lungu, a 2010 kuma ta shimfiɗa jijiyoyi masu kama da layin dogon kewayen Tokiyo. Tamu daban ce, sunanta Dictyostelium discoideum. Kenneth Raper ya samo ta a ƙasar dajin Karolina ta Arewa, ya bayyana ta a 1935.

Muddin akwai abinci, kowace ƙwaya zaman kanta take. Ƙanƙantarta ta kai a jera ɗari kafin a cika milimita ɗaya. Tana rarrafe a danshin ƙasa, tana cin bakteriya, tana rabewa biyu. Ranar da abinci ya ƙare, wasu ƙwayoyi su fara fitar da wani sinadari da ake kira cAMP, bugu-bugu, kamar kowane minti shida. Wadda saƙon ya iske ta matsa wajen da ya fito, ita ma ta fitar da nata don na bayanta su ji. A ƙarƙashin madubin ƙara girma sai ka ga da'irori suna buɗewa kamar an jefa tsakuwa a tafki, ƙwayoyin kuma suna kwarara tsakiya kamar ƙoramu. A ɗakin binciken John Bonner na Jami'ar Princeton aka gano a 1967 cewa wannan sinadarin ne kiran. Ƙwayoyi har 100,000 kan taru su zama wata 'yar tsutsa mai tsawon milimita biyu zuwa huɗu, mai gaba da baya, tana tafiya wajen haske da ɗumi, alhali ba ta da ido, ba ta da ƙwaƙwalwa, ba ta da jijiya ko ɗaya. A cikinta ma har akwai wasu 'yan ƙwayoyi, kamar ɗaya cikin ɗari, da aikinsu shi ne kewayawa suna haɗiye guba da ƙwayoyin cuta, sannan a zubar da su a baya.

Idan ta isa inda ya dace sai ta tsaya. Ƙwayoyin gaba, kamar kashi 20 cikin 100, su kumbura, su yi wa kansu bango mai tauri, su mutu. Su ne karan. Sauran kashi 80 su hau sama su zama ɗan ƙullutu kamar kan allura, kowace ta rufe kanta ta zama iri mai jure fari, tana jiran ƙwaro ko wata 'yar dabba ta goge ta ta kai ta inda abinci yake. Ba karan, ba tashi daga ƙasa.

A nan kwatancin ya rabu. Jemage ta ba da awa shida, ta kwana da ranta, gobe tana iya zama mai karɓa. Ƙwayar da ta zama kara ta ba da komai, sau ɗaya, kuma ba gobe. Ba za a taɓa rama mata ba. Saboda haka duk hikimar cuɗe ni in cuɗe ka ba ta da wurin zama a rayuwar amiba. Abin da kawai zai sa irin wannan hali ya ɗore daga zuriya zuwa zuriya shi ne wanda William Hamilton ya bayyana a 1964: idan waɗanda ke saman karan suna ɗauke da ƙwayoyin gado iri ɗaya da naki, mutuwarki ba ta yanke zuriyarki ba. Jemage na iya yin ƙawa da bare domin yana da tsawon rai na shekaru, yana gane murya da warin kowa, yana tunawa. Amiba ba ta da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Naka sai naka, shi ne kaɗai jarinta.

Kuma cima-zaune suna nan. Joan Strassmann da David Queller, lokacin suna Jami'ar Rice a Texas, sun haɗa zuriyoyi daban-daban da aka samo daga daji, biyu-biyu, suka duba wa ya shiga kara wa ya shiga iri. A rahotonsu na 2000, a rabin haɗe-haɗen an samu zuriya ɗaya ta tura 'ya'yanta sama fiye da rabonta, ta bar ɗayar da aikin mutuwa. Daga baya aka gano ƙwayoyin gado fiye da ɗari da idan ɗaya ta lalace, amiba kan zama mai irin wannan ha'inci. Akwai ma wadda ta kai maƙura: a cikin jama'a ba ta shiga kara sam, amma idan aka bar ta da irinta zalla ba ta iya tsayar da kara, duk su lalace a ƙasa.

Me ya hana irin waɗannan cinye duniya? Abu na farko mai sauƙi ne. Amiba ba ta tafiya nesa, don haka maƙwabtanta galibi 'ya'yan kaka ɗaya ne. Da aka tattaro ƙullutan iri daga kashin barewa a wani daji na jihar Bajiniya ta Amurka aka bincika su, a rahoton 2007, yawancinsu zuriya ɗaya ce zalla. Na biyu, suna da alamar gane juna: wasu sinadarai biyu a fatar ƙwaya, TgrB1 da TgrC1, masu shiga juna kamar makulli da kwaɗo. Baƙi kan fara taruwa tare, amma idan makullin bai dace ba sai su riƙa warewa, kowa ya bi nasa. Na uku shi ya fi ba ni mamaki. Ƙwayoyin da za su zama iri suna fitar da wani sinadari, DIF-1, mai tura wasu zuwa aikin kara. Sai mutum ya ce to, wadda ta toshe kunne ga wannan kira ai ta tsira. An gwada a 2004 da amibar da aka lalata wa ƙwayar gadon jin kiran, mai suna dimA. Ba ta shiga layin kara ba, amma da aka zo zama iri sai aka bar ta a baya, domin ƙwayar gadon nan ɗaya ita ke riƙe da ƙofofin biyu. An ɗaure ladan da wajibin da igiya guda.

Wannan ya sa nake ja da baya kaɗan ko a kan kalmar sadaukarwa ga ita kanta amibar. Ba ƙuri'a ce tsantsa ake jefawa ba. Ƙwayoyin da suka shigo taron da ƙarancin abinci a jiki sun fi faɗawa cikin kara, masu ƙoshi sun fi zama iri, kuma sinadarin da ke tura su daga wajen masu tsira yake fitowa. Akwai yarda a ciki, akwai kuma tilas. A wurin jemage mai ƙarfi ce ke ba mai rauni. A wurin amiba, sau da yawa mai rauni ce ke ɗaukar mai ƙarfi a ka. Ta fuskar lissafin gado hakan yana da ma'ana, tunda wadda ta riga ta galabaita ba ta da abin asara da yawa, amma bai kamata a ba da labarin kamar duk hali ɗaya ba ne.

Kowanne daga cikin tsarin biyu yana karyewa ne daidai inda amanarsa take. Ga amiba, an nuna haka a wani gwaji da aka wallafa a mujallar Science a 2011. Aka ɗauki zuriya ɗaya mai haɗin kai, aka raba ta layi 24, a kowane zagaye ana cakuɗa iri sosai yadda duk wani sabon canji da ya ɓullo zai tsinci kansa cikin waɗanda ba irinsa ba. Bayan zagaye 31, a mafi yawan layukan masu ha'inci sun bayyana, har da waɗanda suka manta yadda ake yin kara gaba ɗaya. Ba a sa musu guba ba, ba a hana su komai ba. Zaman dangi kawai aka rushe.

Ga jemage kuwa, lasar nan ce. Desmodus yana ɗauke da cutar haukan kare, yana kashe shanu masu yawa a Latin Amurka kowace shekara, wani lokaci har mutane a ƙauyukan Amazon, don haka makiyayan can suna da dalilin ƙin sa. Tun shekarun 1970 hanyar da hukumomi ke bi ita ce a kama jemage ɗaya a raga, a shafa masa man guba mai hana jini daskarewa a baya, a sake shi. Ya koma kogo, ƙawayensa su taru su lashe shi kamar yadda suka saba, su mutu tare da shi. Binciken da Daniel Streicker ya jagoranta a Peru, wanda ya fito a 2012, bai ga cutar ta ragu a garkunan da ake yi wa wannan kisa ba, kuma akwai alamun cewa tarwatsa garke yana sa waɗanda suka tsira su watsu su kai cutar gaba. Shi ya sa shi da abokan aikinsa suka juya dabarar. Suka shafa wa wasu jemagu wani mai mara lahani, mai launin da ke bayyana a gashin duk wanda ya haɗiye shi, don a ga iya inda lasa za ta kai shi. A rahotonsu na 2019 launin ya bazu zuwa jemagun da ba a taɓa shafa wa ba, kuma lissafinsu ya nuna cewa idan maganin rigakafi aka sa a madadin guba, zai fi rage ɓarkewar cutar. Aikin da ake yi yanzu shi ne samar da rigakafin da zai jure zama a bayan jemage har ƙawarsa ta zo ta lasa.